Mai Zanen Ƙeya na Gate City

Duk safiyar Asabar, in ka bi ta titin Gate City Boulevard a birnin Greensboro, za ka ga wata tsohuwar akori-kura da tsani ɗaure a bayanta ta tsaya a gefen shagon Mama Hephzibah, 'yar Jamaika mai sayar da doya da naman akuya. Mai motar shi ne Malam Abdoul-Aziz, mutumin Damagaram, mai fentin gidaje. Yakan sauko da bokiti da soso ya wanke zanen da ke bangon shagon kamar mai yi wa jinjiri wanka, ya sha shayinsa, ya tafi. Shekara goma sha tara ke nan. Bana gwiwa ta ce ta gaji da tsani, ni kuwa na ce wallahi ba zai sauka a shiru ba.

Ga yadda aka fara. Guguwa ta share garin su Mama na bakin teku, ta tafi har da hoton mahaifiyarta guda ɗaya tilo. Sai ta so a zana mata tarihin tsibirinsu a bango: jiragen bayi, masu saran rake, makaɗa, masunta, a tsakiya kuma uwarta. Ta kira wanda ya yi mata fentin shago. Malam kuwa bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, amma kunya ta hana shi cewa bai iya ba.

Ya zana itatuwan kwakwa, sai ga dabino reras. Tekun ta fito kamar tafkin damina. Mama ta ɗauko kwakwa daga shago ta danƙa masa a hannu tana cewa, "Wannan, Malam! Wannan!" Bai yi fushi ba, ya goge ya sake.

Da aka zo kan mutane ne aka yi cirko-cirko. Tun yana makarantar allo malaminsa ya hore shi kada ya zana fuskar mai rai. Ya ce, "Bon, Madam, teku zan yi, rake zan yi. Amma fuska, pardon." Kwana uku yana binta da tambayar yadda uwarta take tafiya, har ta fara zargin ko lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya rufa tamfol ya shiga aiki.

Ranar da aka yaye tamfol, mutum arba'in da uku muka ƙirga a bangon, kowa ya fuskanci teku ya ba mu ƙeya. Alhaji Braimah, direban tasi ɗan zangon Kumasi, ya riƙe ciki yana dariya. "Chale, abokina, me Greensboro ta yi wa mutanen nan? Ko takardar tarar parking aka ba su duka?" Ni ma ban yi shiru ba. Na ce ya kunyata mu a gaban 'yan Jamaika, kuma kafin la'asar Mama za ta sa a shafe bangon da farin fenti.

Mama ta je ta tsaya gaban matar da ke tsakiya, mai kwando a ka, ƙugu a karkace, ta take dunduniyar takalmi ɗaya. Sannan ta ɗora tafinta a bayan matar ta ce, "Kullum tana gaba, ina binta zuwa bakin ruwa. Fuskar ta daɗe da ɓace mini. Wannan bayan ne na sani." Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Malam Abdoul-Aziz, kai ne ka riƙe horon malaminka, ka kuma mayar wa marainiya uwarta. Kai ne ba ka sa sunanka ko a kusurwar bangon ba. Ɗan Damagaram, gwanin ƙeya, mun gode, Allah Ya saka da alheri, ka kuma yafe mini bakina.

Alhaji Braimah mai dariya yanzu ba ya wucewa sai ya rage gudu, yana rantsuwa cewa ta uku daga hagu mahaifiyarsa ce za ta kasuwa. Ku masu sauran gwiwa, ga tsani ga soso, Asabar na zuwa. Sharaɗin Mama ɗaya ne: kada wanda ya juyo da su.