Kiran da Ban Ɗauka Ba

Baba na da rai! Jama'a, na ce Baba na da rai! Yanzun nan muka ji muryarsa a wayar portabul ɗin Kawu Sani. Yana garin Dogo. Mama ta zube ƙasa, ni kuwa na yi ta tsalle har na take kwanon fura. Da sauri nake rubutawa, in kun ga kuskure ku yi maneji. 'Yan ajinmu na sakandaren lise da kuka ishe ni da "Rahila ina kika shiga", to ga labarin tun daga farko.

Juma'ar nan safiya ce kamar kullum. Mama na dama koko. Baba na kan kekensa yana ƙarasa rigar wani, kun san shi tela ne. Ni ina fama da aikin lissafi da ya ƙi fita. Katanga ɗaya ta raba mu da Ya Falmata, wata Babarbariya da mijinta ya rasu kwanan baya, tana cikin takaba. Shekara da shekaru muna maƙwabta, amma daga gaisuwa sai gaisuwa. Ɗanta Bukar ɗan pale ne, irin samarin nan masu ɗaga ƙarfe a bakin titi. Da hantsi ya leƙo zaurenmu.

"Tela na nan?"

Na ce yana nan. Ya ce to, ya juya. Ba ɗinki ya kawo ba, ba karɓa ya zo ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Bayan an sauko daga masallaci muka ga hayaƙi wajen kasuwa, baƙi ƙirin, irin na taya. Sai hayaniya, kamar ta filin bal, tana matsowa. Wani ya wuce a guje yana cewa an nufi majami'a. Baba ya miƙe. Ya ce Baba Iliya mai gadin majami'a na can, tsoho ne, ƙafarsa ba ta da kyau, ba zai iya gudu ba. Mama ta riƙe masa riga. Ya zare hannunta a hankali.

"Ku kulle ƙofa."

Ya fita.

Kafin la'asar sun iso layinmu. Duwatsu a kan kwano. Fashewar kwalabe. Wani ya daka tsawa, "Ga gidansu can!" Ba tambaya ya yi ba. Ya san gidan.

Sai ga kan Ya Falmata bisa katanga, ta taka turmi.

"Maman Rahila, ku hauro."

Na damƙe Mama, na ce tarko ne, ɗanta ya zo leƙen asiri da safe. Mama ta ce hau. Na hau. Gwiwata ta goge, ban ma ji ba sai daga baya.

Ta tura mu bayan gadonta, tsakanin bango da jeren kwanuka. Ita kuma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin ta zauna, da baƙin zanenta da carbi. Ta bango muna jin komai. An ɓalle ƙofarmu. An jefo keken Baba tsakar gida, na gane ƙararsa. Sai warin esansi, man fetur ke nan. Sai zafi ya fara ratsa bangon da muka jingina.

A nan ne portabul ya motsa a cinyata. Na duba. Sunan Baba.

Kun san ni da waya, kafin ta yi kuka biyu na ɗauka. Yatsana na kan maɓalli Mama ta cafke mini wuyan hannu. Daidai lokacin muka ji sawu a zauren Ya Falmata, mutane da yawa. Kaina ya rabu biyu. In Baba ne fa, yana kwance wani wuri yana neman wanda zai ɗauke shi? In maganarsa ta ƙarshe ce fa? In kuma ba shi ba ne, wani ne ya ƙwace wayar yana son ya ji inda za ta amsa?

Mama ta zare wayar, ta ɓalle bayanta, ta cire batir. Ta kawo bakinta kunnena.

"Ubangiji Yesu, naka ne tun kafin ya zama namu. Mun sake shi a hannunka."

Ta jira in ce amin. Na ƙi. Ni da nake ba da waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'a, kowace Lahadi, ina rera cewa na ba Allah komai nawa. Ranar nan na cije leɓe na ƙi. A raina cewa nake, saki kuma? Ubana ne fa.

Sai wata murya daga bakin ƙofa: "Akwai kafirai a nan?"

Ya Falmata ba ta ko motsa ba. "Takaba nake."

Wani ya ce, "Hajiya, leƙawa kawai za mu yi."

"Mijina ko arba'in bai yi ba. Namiji bai taka ɗakin nan ba tun da aka fita da shi. In uwarka ba ta gaya maka ba, shigo ka zama na farko. Ɗan gidan wa ma kake?"

Ba wanda ya faɗi sunan ubansa. Sai wata murya daga cikinsu ta ce, "Kai, ku fita, ɗakin tsohuwata ne." Bukar. Ke nan yana cikinsu. Sawun ya ja baya.

Washegari da rana ta fito Bukar ya zo da wata tsohuwar mota ta aro. Uwarsa ta ba mu hijabi biyu, ta ce zai kai mu Garagumsa wajen Kawu Sani, yayan Mama. Da ya matso na ji warin esansi a rigarsa. Na ce wa Mama ni sam ba zan shiga ba. Ta ce, "Ba shi muka ba kanmu ba, Rahila. Shiga."

Muka wuce ƙofar gidanmu. Ban juya ba. A bakin gari samari sun gitta itace.

"Tsaya! Su wa ke nan?"

"Dangin tsohuwa ne, 'yan ta'aziyya."

Ɗayan ya leƙo ya ƙare mini kallo. Aka janye itacen.

Duk hanyar idona na kan hannun Bukar. Ya rage gudu, in ce yanzu ne. Ya duba madubi, in ce alama yake yi wa wani. Shi ko idonsa na kan hanya. Can bayan shingen jandarma, gonakin gero sun fara, sai na ji na gaji. Ba waya, ba gida, ba abin da zan iya yi wa Baba ko kaina. Ba wai na yarda da Bukar ba ne, kwata-kwata. Na dai sa kaina a kafaɗar Mama na ce amin ɗin da na hana ta jiya. Ta ji. Ta dafa kaina.

A Garagumsa Kawu ya ba mu ɗakin matarsa. Shi Musulmi ne, bai tambaye mu komai ba, ya ce a kawo ruwa. Labari ya bazu wai Baba ya ƙone a majami'a, mutane suka fara zuwa gaisuwa. Mama ta ce ita ba ta ga gawa ba, amma ta gode. Ni kuwa na maida batir na yi ta kiran lambarsa a ɓoye. A ɗauka, in ji numfashi, a kashe. Rannan wata muryar namiji ta ce, "Kuna ina?" Na kashe.

Sai yau. Wani manomin Dogo da ya kawo gyaɗa kasuwa ne ya tsinci Baba a kwata bayan majami'a, ya rufe shi da buhuna a bayan motar 'yan kasuwa, ya kai shi gidansa. Ya daɗe bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya ambaci Kawu, aka yi ta cigiya har aka samo lamba. Na tambayi Baba batun kiran nan. Ya ce shi bai kira ba. Tun kafin ya kai ƙofar majami'a aka ƙwace wayar.

Baba Iliya bai fito ba. Baba ya kai gare shi, ya ja shi har bakin taga, rufin ya faɗo. An binne tsohon ba ko ɗayanmu a wurin. Hannun Baba na dama ya ƙone, ya ce yatsun ba sa lanƙwasuwa. Gidanmu ba rufi. Bukar kuwa ya sauke mu ya juya ko ruwa bai sha ba, ban yi masa godiya ba, har yanzu ban san ko ya kamata ba.

Don Allah ku tura wannan ga duk wanda ya san mu, a daina yi mana ta'aziyyar Baba, a yi ta Baba Iliya. Kuma kada kowa ya kira tsohuwar lambarsa. Wanda ke ɗauka ba shi ba ne.