Mutanen da Ba Sa Zuwa Gaisuwa

Kakarmu Iya Delu ba ta son tatsuniyar gizo. Bayan magariba, in an gama cin tuwo, takan kifa turmi ta zauna bakin murhu, mu kuma mu tura gyaɗa cikin toka. A ƙauyenmu ne, can gefen Kazage, tun dajin bai zama abin tsoro ba. Ni ne mai bakin tsiya a cikin jikoki.

"Iya, a ba mu ta kura."

"Kura ai ɗaya take ɗauka, mijin banza. Zauna ka ji wadda ta ɗauki gari."

Sai ta kama labarin shekarar marisuwa, muguwar murar da ta zo tana 'yar ƙarama. Ta ce ciwon bai ci ƙasa bai ɗaya ba, hanya ya bi. Garuruwan da fatake ke sauka ya fara ci, har masu haƙa kabari suka gaza a Birnin Gwari. Kuma ya tsallake tsofaffi ya kwashi majiya ƙarfi da masu ciki. Daga can ya bi 'yan gaisuwa. A yi rasuwa, dangi su taru, a zagaya da ƙwaryar fura ɗaya, kowa ya koma ƙauyensa da tari. Kafin mako sai a tafi gaisuwar ɗan gaisuwa.

Mahaifinta ne mai unguwa. Ya hana kowa fita. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu a birni, bai je ba. Mutum kaɗan suka binne. Tungar hayin rafi kuwa, da ba sa wasa da zumunci, ta zama kufai.

"Ai ya yi dabara," na ce.

"Dabara? Har ya koma ga Allah ba a ƙara amsa masa sallama a gidan ƙanensa ba. Mu kuma a kasuwa nuna mu ake yi da baki, wai ga 'ya'yan waɗanda ba sa gaisuwa."

Ta daɗe tana tona wuta. Ni gyaɗata nake nema.

Shekarar korona ina kafinta a Kaduna aka aiko kawuna ya rasu. Kwana biyu ke nan ina zazzaɓi, ko ƙanshin katako ba na ji. Kada in yi ƙarya, na san ko mene ne. A tasha maganar Iya ta faɗo mini, hannuna na kan ƙofar mota. Amma na ji tsoron a ce Sani ya samu birni ya manta dangi. Na haɗiyi magani na shiga.

Na gaisa da kowa hannu da hannu, ina danne tari. Na zauna a tabarmar mahaifiyata, ta miƙo mini kununta, na kurɓa na mayar mata.

Ba ta cika mako biyu ba ta rasu. Ba wanda ya gwada ta, aka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, kwana ne. Amma ni na san abin da na ɗauko a ƙirjina.

Da ina ganin tsohon nan, mahaifin Iya, mai taurin zuciya ne. Sai yanzu na gane irin nauyin da ya ɗauka, ya yarda a zage shi muddin ransa don 'ya'yansa su kai labari. Ni zagin rana ɗaya na kasa jurewa.

Har yau yayyena suna yaba mini, wai Allah ya sa na zo mun gana da Inna. Duk sanda suka faɗa, kai nake sunkuyarwa, su ɗauka kewa ce. Su na rubuta wa wannan. In sun yafe, Allah ya saka musu. In sun daina amsa sallamata, ba su zalunce ni ba.