Layin Toka

Shekara uku mataimakin firinsifal ɗinmu yana kirana "malamin tsalle-tsalle", kuma ban taɓa yafe masa ba. Makarantar sakandare ce ta maza a kan hanyar Rogo, ni kuma daga Karaye nake zuwa kullum a babur, ina koyar da ilimin motsa jiki. Darasi ɗaya tak nake da shi na cikin aji, ranar Alhamis, inda nake koya wa yara sunayen ƙasusuwa, da yadda zuciya ke harba jini, da yadda ake auna fili. Mataimakin ne ke rubuta jadawalin darussa da hannunsa. Wata Litinin na zo na tarar ya soke Alhamis ɗina ya rubuta "gyaran harabar makaranta".

Na same shi a ofis, na gaishe shi har da tambayar iyali, sannan na ce, "Yallaɓai, darasin nan fa yana cikin jarrabawa."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, gudu ne sai an rubuta shi a allo? Su ɗauki lauje su yanke ciyawa, ai shi ma motsa jiki ne."

Wallahi ranar har na isa gida ban ji ƙarar babur ɗina ba, don baƙin ciki. Zango guda cur ina kallon ɗalibaina ta taga suna sunkuye a cikin ciyawa.

Bayan an gama cirar gyaɗa aka sa ranar gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai. Gida huɗu ne, kuma Mataimaki ne uban Gidan Ja. Na kwana biyu ina zana fili da toka, hanya huɗu zagaye. A tseren zagaye guda, wanda ke hanyar waje yakan fara daga gaba, don da'irarsa ta fi faɗi. Wannan na cikin abin da nake koyarwa ranar Alhamis, da an bar ni.

Da safiyar gasar ya zo duba fili cikin sabuwar shadda. Farko ya ce Gidan Ja za su ɗauki hanyar waje, wadda ke gogar rumfar manyan baƙi, don wakilin hakimi ya ga 'ya'yansa da kyau. Ba a yi ƙuri'a ba, girma ya nuna. Sannan idonsa ya faɗa kan layukan farawa, wani gaba da wani. Ya kira ni gaban malamai.

"Wannan wane irin shirme ne? Baƙi su ce na satar wa gidana hanya? A nan adalci muke yi. Layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kamar sahun sallah."

Ya sa takalmi ya share tokata, ya ja layi guda miƙaƙƙe, ya kuma gargaɗi yara kada kowa ya bar hanyarsa. Bakina ya buɗe zai yi magana. Na tuna laujen nan, na rufe shi. Na ce, "Yadda ka ce, Yallaɓai." Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Gwanin Gidan Ja wani dogon saurayi ne ɗan garin Fulatan, ɗan ajin ƙarshe, wanda duk makarantar ba mai kamo shi. Aka busa usur. Kafin a fita kwanar farko an bar shi a baya, ya ƙare na uku yana haki. Aka yi na 'yan ƙananan aji, Gidan Ja na ƙarshe. Aka yi na miƙa sanda, haka. Mataimaki ya tashi daga kujera yana zagin yaransa da ragwanci, hularsa ta karkace. Ɗan Fulatan kuwa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Shi kaɗai ne ya ɗan taɓa min zuciya.

Wakilin hakimi, dattijo mai gonaki da yawa, ya yafito ni. Ya ce, "Malam, ni dai na san kunyar da ke bakin gona in ta zagaya ta fi ta ciki tsawo. Ko idona ne?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini a auna." Na ɗauko tef ɗin awo, na miƙa wa Mataimaki bakinsa da hannu biyu, cikin ladabi, na ce shi ya fi cancanta ya riƙe tunda shi ya ja layin. Ba yadda zai yi. Muka zagaye hanyar ciki, muka zagaye ta waje, yana sunkuyawa yana tashi cikin rana, toka ta ɓata masa gindin shadda. Na ɗaga murya na faɗi bambancin: sama da mita ashirin ya ɗora wa 'ya'yansa.

Firinsifal ya tambaya me ya sa ko ɗalibi ɗaya bai lura ba. Na ce, "Yallaɓai, darasin Alhamis ne. Suna yankan ciyawa."

Na mayar da layukana, aka sake tseren manya, ɗan Fulatan ya ba na biyu tazarar da har ya waiwaya.

Ranar Litinin na tarar da Alhamis ɗina ta dawo jadawali, da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Na zaro jan biro na bi kan kowane harafi sau uku. Darasin farko ban yi shi a aji ba. Na kwashi yara da tef ɗin awo muka zana da'ira biyu a ƙarƙashin tagar ofishin Mataimaki, na sa suna maimaita amsar da ƙarfi. Ya tashi ya rufe tagar, ga zafi, ga babu wuta. Na ce wa yara ban ji ba, su sake.