Na'urar Karatun Da 'Yata Ta Kawo Mini

Shekarar da zaman ƙauyenmu Zakka ya gagare mu saboda 'yan bindiga, muka koma Batsari da abin da babur biyu za su iya ɗauka. Littattafaina na bar su cikin akwatin katako, na kulle ɗaki, ina ganin bayan damina zan dawo. Sai da aka yi damina biyu sannan na samu zuwa. Ko da na ɗaga murfin, gara ta gama aikinta. Ƙasa kawai na yi ta ɗebowa da hannu.

Yawancin littattafan nan na yayana ne, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne kamar ni, kuma yana da ɗabi'ar rubutu a gefen shafi da jan biro. Wani wuri ya yi gardama da marubucin, wani wuri ya rubuta ranar da aka yi ruwan shuka.

'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Katsina, ta ji labari. Ranar kasuwa ta sauko daga bas da wata siririyar na'ura, ta ce da yawa daga cikin waɗanda na rasa suna ciki. Ta nuna mini yadda ake ƙara girman rubutu, da yadda ake juya shafi da yatsa. Murna take yi sosai.

"Baba, wannan gara ba ta cinta," in ji ta.

Na yi ƙoƙari. Na buɗe wani littafi da na sani sarai. Kalmomin duk suna nan, amma gefen shafin fari tas. Na kai shafi uku na ajiye. In ta kira ta tambaya, sai in ce ina karantawa.

Da ta zo hutun salla, ta ciro na'urar daga ƙarƙashin kayana, ta danna, ba ta kama ba. Caji ya daɗe da ƙarewa. Na gaya mata rubutun baffanta nake nema a ciki. Ta ce ai littafin duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne.

Ta daɗe tana goge gilashin na'urar da bakin mayafinta, sannan ta sa a jaka, ta ce ita za ta riƙa karantawa. Na raka ta tasha, babu wanda ya sake tayar da zancen. Yanzu in ta kira, ciwon gwiwata take tambaya, sai kuma lafiyar ƙannenta.