Jakar Goggo a Gindin Jirgi

A Jalingo, shekarun da aka ba mu jiha muna ta hura hanci, aika saƙo ba wuya. Ka je tasha, ka rubuta suna a jikin buhu, ka miƙa wa direba. Ko akuya ka ba shi, za ta isa Legas har ta yi ƙiba.

To, 'yar goggona ta haihu a Legas, saura kwana uku suna. Goggo ta cika jakar Gana-mas-go da yajin jego da daddawa da busasshen kifi, ta rantse sai kayan nan sun isa kafin a yanka rago. Na bugi ƙirji na ce jirgi zan sa. Ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, amma a unguwarmu Turaki na sha faɗin cewa matuƙan jirgi abokaina ne.

Wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati zai tashi daga Yola, ya yarda a ɗora jakar a tikitinsa. Muka tafi tare. Yana can yana gaisawa da manya, na kai ta aka auna, aka liƙa mata takarda. Ban nuna masa ita ba. Yaushe direban tasha ya taɓa tambayar kamannin buhu?

Ashe kafin a hau, jera kaya ake a gindin jirgi, kowa ya nuna nasa. Wanda ba a nuna ba, ba ya tashi, don kar wani ya aika mugun abu ya koma gida abinsa. Maƙwabci ya nuna akwatinsa, ya dubi Gana-mas-go har shida duk iri ɗaya, ya sosa ƙeya, ya hau.

Jirgi ya tashi ina ɗaga wa kifin Goggo hannu. Ina sauke ido sai ga jakarmu ita kaɗai a rana, jami'ai suna zagaya ta daga nesa. Da aka buɗe ta a gabana yaji ya tashi, babbansu ya saki atishawar da ta fi ƙarar jirgin.

Da yamma na dire ta a gaban Goggo, na zayyana mata dokar kamar ni na kafa ta.

"Doka mai kyau," in ji ta. "Kaya ba ya tafiya sai da mai shi. To, ɗan nan, daga yau kai ne mai shi."

Washegari da safe ta raka ni tasha da kanta. Yini da kwana na yi da jakar a cinya, fasinjoji suna toshe hanci. Na shiga gidan suna mahauci yana wasa wuƙa.