Tagogi Huɗu na Marlys Hautala

Shekara talatin da ɗaya Marlys Hautala ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da Tafkin Hirvi, nan arewacin Minnesota, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta a zaune in ba a bayan sitiyari ba. Kofi ma a tsaye take shan sa. A coci, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ta riga ta sulale kicin tana jera kofuna. Mijinta Reino kuwa zai iya wuni a kan benci ɗaya bai ko gyara zama ba. Duk hunturu, da zarar tafki ya daskare, sai ya ja ɗan ɗakinsa na katako zuwa kan ƙanƙara, ya yanka rami, ya zauna da mashi yana jiran kifi. Ko sau ɗaya Marlys ba ta taɓa leƙa ɗakin nan ba. Cewa take ita ba ta ga abin da zai sa mai hankali ya tasa rami a gaba tun safe har yamma ba.

A watan Satumba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Reino a bakin gareji. Ya dawo daga asibiti a keken guragu, hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. A ba shi abinci ya ci, a juya shi ya juyu. In ka tsaya a gabansa sai ka ga kamar bangon bayanka yake kallo.

'Yarsu Kirsten, wadda ke aikin jinya a Duluth, ta zo gida a ƙarshen Nuwamba da takarda a jaka. Ta samar masa gado a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita, za a riƙe masa har ƙarshen Janairu, sa hannun Marlys kawai ake jira. A kicin ta tare uwar, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, Baba fa ba ya nan. Gangar jikinsa kike ɗagawa kina ajiyewa, ga bayanki ya kusa tsinkewa."

Marlys ta ce yana nan daram. Kirsten ta ce to a nuna mata. Abin ya yi wa Marlys zafi, sai bakinta ya riga tunaninta: ta ce a kai shi kan tafki, a zaunar da shi a bakin rami, in har bai san inda yake ba, za ta sa hannu a nan take. Kirsten ta ce ta ji ta yarda.

Sai da motar yarinyar ta ɓace sannan Marlys ta zagaya bayan gida ta dubi tsohon ɗakin. Daɓensa ya ruɓe, ƙofarsa kuwa ko maras ƙiba sai ya karkace kafin ya shiga, balle keken guragu. Ba makawa sai an gina sabo, ga ta kuma ba ta taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba.

Haka ta shiga gareji da zarto da gudumar Reino. Ta yanka katako, ta ruga ta juya maras lafiya, ta dawo ta tarar ta manta awon, ta sake yankawa. Farcen babban yatsanta ya yi baƙi ya fita. Maƙwabcinsu Vern Pesola, tsohon direban babbar mota a ma'adinan ƙarfe, ya zo ya ce ko a kama mata. Ta ce in tana buƙata za ta yi magana. Ba ta iya barin abu yadda yake ba, kullum sai ta ƙara wani: katakon daɓe biyu don kada sanyi ya kama masa ƙafa, ƙofa mai faɗi da ɗan gangare, ƙugiyar rataya bargo. Da ta tuna likita ya ce maras lafiya na son hasken rana, sai ta ɗauko tsofaffin tagogi huɗu daga rumbun gida, ta fasa bango ta dasa ɗaya a kowane gefe. A duk aikin ba abin da ta yi alfahari da shi kamar tagogin nan.

To, a garin nan kowa ya san ɗakin mashi baƙi ƙirin ake yin sa a ciki. Ko ta kafar allura haske ke shigowa sai an toshe, domin sai ɗaki ya yi duhu ruwan ramin ke haskakawa ka ga kifi a ƙasa. Kowa ya sani, ban da matar da ta yi shekara talatin da takwas tana soya kifin da aka kama a haka. Ga mu kuma da wani mugun hali da muke kira ladabi: ba ma iya duban mutum mu ce ya yi kuskure. Vern ya zo ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ya dai fita daban." A bakinmu wannan zagi ne babba, amma Marlys ta ɗauka yabo ne har ta ba shi burodi mai zaƙi. Mazan da ke taruwa a kantin kayan gini suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya wai aron sifana, su ga tagogi, su ce ya fita daban, su koma su yi ta dariya. Ni dai har yau abin yana ba ni haushi.

Ɗaki ya kammala, sai kuma sanyi ya ƙi zuwa. Disamba ta wuce da ɗumi kamar bazara. Ɗakin ya yi nauyin da sai mota za ta ja shi, mota kuwa sai ƙanƙara ta kai inci goma sha biyu. Kowace safiya Marlys na bakin tafki da abin huda ƙanƙara. Inci biyar. Washegari biyar da rabi. Jibi a koma biyar. Ta huda nan, ta ce wurin ne bai da kyau, ta matsa gaba ta sake hudawa, har Vern ya ce in ta ci gaba za ta mai da tafkin rariya. A gida ta goge abin da ta riga ta goge, ta buɗe rediyo don jin yanayi, ta kashe, ta sake buɗewa. Kirsten na bugowa duk Lahadi, ba ta ambaton takarda, amma Marlys na jin ta a cikin shirun. Tsoro ne ya hana ta sukuni, kuma ba tsoron ƙanƙara ba. Tana tsoron kada a je a tarar yarinyar ce ke da gaskiya.

A tsakiyar Janairu sanyi ya sauko da ƙarfinsa. Ranar Asabar ta ƙarshe a watan, Vern ya ja ɗakin da akori-kurarsa, ya yanka rami mai faɗi da injin zarto, Kirsten ta taho daga Duluth, aka naɗe Reino cikin barguna aka gangara da shi. Hantsi ne, rana ta fito tas, ta bugi dusar ƙanƙara ta shigo ta tagogi huɗu, ɗaki ya yi fes kamar kanti. Ramin kuwa baƙi ne kawai, ba ka ganin komai sai inuwar fuskarka.

Aka ajiye keken a bakin rami, aka jingina mashi kusa da hannunsa na hagu. Reino ya sunkuyar da kai. Minti goma. Minti ashirin. Marlys ta ƙara wutar murhu, ta rage, ta gyara bargo, ta fita ta dawo, ta zuba kofin da ba wanda ya nema. Ta kira sunansa, ta ce ga tafkinsa, ga mashinsa. Yawu ya zubo masa a haɓa, Kirsten ta goge. Da aka kusa awa guda Marlys ta daina kai-kawo. Ita ta yi alkawari, kuma ba ta saba cin amanar bakinta ba.

"Ba ni biron," in ji ta.

Kirsten na laluben jaka sai suka ji ƙwanƙwasa. Hannun hagun Reino ne ya kama ƙotar mashi yana buga ta a daɓe. Ya ɗago kai. Ba su yake kallo ba, tagar gabas yake harara, sannan ya juya da ƙyar ya harari ta kudu, fuskarsa ta yi jawur, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Wani gurnani ya fito, ya sake fitowa, a karo na uku ya zama kalma.

"Rufe."

Vern da ke bakin ƙofa ya cire hula, ya shiga in-ina yana bayanin cewa ai dama ɗakin mashi ba a yi masa taga. Marlys ta juyo ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun ranar farko. Kallon da ta yi masa ya sa ya tuɓe kwat ɗinsa ba a ce masa ba, ya rataya a taga ɗaya. Kirsten ta saki jaka a ƙasa ta tuɓe nata, tana ta faɗin, "To, Baba, na ji, Baba." Aka zare bargo biyu aka toshe sauran, aka ja ƙofa.

Duhu ya rufe su. Jim kaɗan sai ramin ya fara haske daga ƙasa, kore shar, ga ciyawa tana rausaya, ga yashi, ga wasu 'yan ƙananan kifaye suna wucewa. A cikin hasken nan Marlys ta ga fuskar mijinta, har yanzu a murtuke. Kirsten ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, ba ta ƙara waiwayar jakar ba.

Bakin Reino ya sake motsi. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin abin ya fito, a karkace amma a fili.

"Wane... wawa... ya yi?"

Marlys ta san bayanta ba zai daina ciwo ba, ta kuma san watakila iyakar abin da zai faɗa ke nan har bazara. Daɗi ya cika ta har ya yi mata zafi a ƙirji. Ta sunkuyo dab da kunnensa.

"Ni ce, tsoho. Ni ce wawuyar. Sake faɗa in ji."

Ya ja numfashi, ya tattara ƙarfinsa, ya sake faɗa.