Jar Lambar Dambar Thapa

Tun ina budurwa nake sayar da shayi a tashar Kalanki, nan Kathmandu, kuma a gabana Dambar Thapa ya yi furfura yana jan tasi mai baƙar lamba, irin ta haya. Mutum ne mara surutu, shayinsa ba sukari. Tun da girgizar ƙasa ta danne masa 'yarsa tilo, Nirmaya, ban sake ganin haƙoransa ba.

Da manhajar kiran mota ta shigo gari, fasinjoji suka ɗauke ƙafa daga tasha. Dambar ya sayar da tasin, ya sayi ƙaramar mota mai jar lamba, irin ta gida, ya koma jiran kira a waya. Abokansa na tasha suka daina amsa gaisuwarsa. Ita kuwa doka ta kasa tsayawa wuri guda: yau a ce an yarda, gobe ɗan sanda ya ce motar gida ba ta haya, ya zare makulli. Motar nan kuma ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Dabarar kowa ɗaya ce, fasinja ya zauna gaba, in an tare ku ya ce ɗan'uwanka ne. Shi Dambar duk macen da ya ɗauka, sunan Nirmaya yake ba ta. Abin ya dame ni.

Na ce, "Yaya Dambar, sunaye sun ƙare ne? Ka bar yarinyar nan ta huta mana."

Ya ce, "Shi kaɗai ne ba ya mini gardama a baki."

Wata rana da rana tsaka, ana yayyafi, wayarsa ta yi ƙara, ya je ya ɗauko wata budurwa mai jan mayafi. Da kanta ta shiga gaba. Daga baya ya rantse mini bai kai ga koya mata komai ba aka tare su, daidai rumfata. Ina tsaye ina ji.

Ɗan sandan ya leƙa ya ce, "Wace ce wannan?"

Ta riga Dambar magana. "Nirmaya ce. Kullum sai ya kira ni, yau dai na zo."

Ɗan sandan ya kai hannu ga makulli. "Baba, 'yarka ce ko fasinja?"

Dambar ya daɗe yana kallon makullin nan, bai yarda ya dube ta ba. Ya ce, "'Yata ce."

"To, kai ta gida."

Gidan kuwa tun ranar girgizar ya zama tarin bulo.

Motar tana hannunsa har yau, ba wanda ya sake tare shi. Sai dai wayar tana nuna tafiyar ba ta ƙare ba, don haka ba ta kawo masa wani fasinja. Kowace safiya zai tsaya gaban rumfata, kujerar gaba wayam, ya karɓi shayi kofi biyu, ɗaya da sukari. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Mai sukarin a shanye yake dawo mini, ni kuma ban taɓa ganin Dambar ya kai shi baki ba.